Ɗan Farin Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta da kunnenmu.

"Tafiyata ce sak," in ji Kura.

Akuya ta ce, "Haba Yaya Kura, ke da kike jan ƙugu kamar mai ciwon baya?"

Masu bincike ne suka ƙera wani ɗan ƙarfe mai ƙafa huɗu, suka koya masa tafiyar wata dabba, suka sake shi a dawa don gwaji. Kura da Akuya kowacce ta ce tafiyarta ya gado, don haka ita ce uwarsa. Akuya kuwa ta gaji da a ce ɓarna kaɗai ta iya.

Zaki ya ce su hau dutse su uku, a ga wadda ya gado.

Akuya ta haye tsal-tsal, ɗan ƙarfe na biye da ita, sawu a kan sawu. Kura ta yi taku uku, ta gangaro tim.

Murna kamar ta kashe Akuya, amma ta kau da kai.

Zaki ya ce, "Ba za ki rungume shi ba?"

"Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. Da kunya."

Kura daga ƙasa ta ce, "Ai ni ma kunyar ce ta kayar da ni."

Ƙurunƙus kan ɓera, tatsuniya ta koma gida.