Kumburin Sarkin Pawa

Ku gyara zama, wannan ba ta sa barci ba ce, ta gardama ce.

A wani gari an yi wani Sarkin Pawa mai suna Makau, wanda kasuwa duka ke jin maganarsa. Yana da tsohon ciwon ƙoda da ya daɗe da lafawa, har ya daina ambatonsa. Shekarar da annobar sarƙewar numfashi ta shigo tana kwashe tsofaffi, masu allurar rigakafi suka zo, kowa ya noƙe. Makau ya naɗe hannun riga a tsakiyar kasuwa aka yi masa, bai gaya musu tsohon ciwon ba. Ganin haka mutane suka fara bi.

Ba a jima ba fuskarsa ta cika, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Mahauta na ta yi masa barka: "Sarki, allurar nan ta karɓe ka, har ƙiba ka yi." Yakan yi dariya, amma ya san abin da yake gani a bayan gida. Ya ja bakinsa, don in gari ya ji, babu mai ƙara miƙa hannu.

'Ya'yansa uku ne: Kyauta, da Nomau, da Sallau.

Kyauta ce ke kai masa buta. Ita ta lura da kumfa a bakin magudana, ga ruwan ja kamar zoɓo. Kun san ba a ji 'ya ta yi zancen fitsarin ubanta ba. Sai ta haɗiye kunya, ta durƙusa wa uban a gaban 'yan uwanta ta ce, "Baba, jini kake fitsari." Makau ya ce, "Ke, ba ki da ta ido? Duk wanda ya fitar da zancen nan, ban yafe ba."

Nomau ya ji wannan kalma har cikin ƙashinsa, amma ya ce, "Baba, ka rayu tukuna, ka yi fushin daga baya." Ya goya shi yana turjewa, ya sa a mota, sai asibitin birni. Likita ya ce tsohon ciwon ne ya farka, kuma akan ga haka ga ɗaiɗaikun masu irinsa bayan rigakafi. Da an ƙara jinkiri, da ƙodar ta tsaya.

Can gida kuwa zance ya bazu cewa allura ta kashe Sarkin Pawa, layin masu karɓar allura ya watse. Da Makau ya ji, ya fizge robar ƙarin ruwa ya ce a mayar da shi kasuwa su gan shi da ransa. Likita ya ce in ya fita yanzu, babu tabbas zai dawo. Sai Sallau ya tafi kasuwa, ya hau gungumen da ubansa ke saran nama a kai, ya faɗi gaskiya duka, har sirrin da aka hana. Ya ce duk mai tsohon ciwo ya gaya wa masu allura kafin a yi masa. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ko da yake jinin uban nan ne a jikinsa, aka yi masa allurar. Layi ya dawo, ko da ba duka ba. Sai a nan Makau ya yarda ya kwanta.

Ya dawo gida a rame, an hana shi gishiri, kullum da safe yana danna ƙafarsa da yatsa ya ga ko za ta lotsa. Wata rana ya ɗauko wuƙar da ya gada daga kakansa, ya ajiye a gaban 'ya'yansa ya ce, "Duk kun saɓa mini, kuma ga ni da rai. Wuƙar kuwa ɗaya ce."

To jama'a, wadda ta karya kunya, da wanda ya ɗauki fushin uba, da wanda ya tona sirri ya miƙa hannunsa, wa za a ba wuƙar nan?