Sunan Jaririyar Tanoma

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda ni kaina ta hana ni sakat.

Tanoma dai cikin fari gare ta, kuma kun san kunyar masu cikin fari. Sau ɗaya tak ta je awo asibitin cikin gari, inda ake wani bincike kan lafiyar masu juna biyu. Da aka tambayi sunanta, sai ta faɗi na yanka, Ramlatu, wanda ko uwarta ta manta da shi. Sunan miji fa? Ta sunkuyar da kai, da ƙyar ta ce yana gyaran injin ban ruwa. Gwajin nan take bai nuna komai ba. Aka ɗebi wani jinin don bincike, ita kuwa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, hankalinta kwance.

Malama Suwaiba ce mai duba jinin a babban ɗakin gwaji. Ta ga ƙwayar cutar ƙanjamau, sabuwar shiga, irin wadda gwajin farko ba ya kamawa. Ta san idan ba a fara magani ba, abin yana iya kama ɗan da ke ciki. Lambar wayar da ke kan kati a kashe take, kuma ba wanda ya san wata Ramlatu. Abokan aiki suka ce ta rufe takarda. Ta ƙi. Ta hau motar kasuwa ta je wajen ungozomar yankin, ba ta kuwa faɗa mata dalili ba.

Iya Barira ungozoma ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ba cikin da ke ɓuya mata. Ƙauye uku ta taka da ƙafarta tana cigiyar matar mai gyaran injin ban ruwa kafin ta gano gidan. Uwar Tanoma ta kafe, ta ce mai ciki wata bakwai ba ta hawa hanya. Iya Barira ta shafa cikin, ta ɓata fuska, ta shirga ƙarya ido buɗe, wai ɗa a gicciye yake. Kafin azahar Tanoma tana gaban Malama Suwaiba.

Da Tanoma ta ji labarin, ko hawaye bai zo mata ba. Ta koma gida, ta tura kwalbar magani ƙarƙashin katifa, ta juya wa abinci baya. A ganinta ta riga ta mutu, likkafani kawai ya rage. Rana ta huɗu Gwaggo Atika, ƙanwar babanta, ta shigo kakkaɓe shimfiɗa, sai ga kwalba. Gwaggon nan fa ita ce mai dakan daddawa, mai ɗaukar buhun kalwa ita kaɗai, wadda ba a taɓa jin ta yi ko ciwon kai ba. Ta fita, ta dawo da wata langa daga cikin jerenta, ta buɗe. Kwalba ce iri ɗaya sak.

"Gwaggo, ke?" Tanoma ta ce.

"Shekara goma sha biyu ke nan, 'yar nan. Da cutar nan na haifi autata, ga ta can lafiya lau. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Tashi ki sha."

Ta sha, kuma ba ta ƙara tsallake rana ba.

Ta sauka lafiya, 'ya mace. Kwana biyar da haihuwa sakamakon gwajin farko na jaririya ya zo, babu komai. Mijin, wanda shi ma aka gwada aka same shi da cutar, ya aiko cewa ba shi da bakin zaɓen suna, ya bar wa Tanoma. Ga suna jibi, ga mata uku, ga jaririya ɗaya. Tun ranar take juya abin a ranta, ta kasa.

To, ku da kuke zaune, ku fitar da ita: tsakanin Suwaiba, Barira da Atika, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?