Injin da Ake Kai wa Koko

Dalilin da ya sa kuke ganin ana kai wa inji koko a layin kafintoci, tunda kun ishe ni da tambaya, ga shi. A shekara guda na rasa kakanku, na rasa injinsa, na kuma samu abin da nake ci da ku har yau. Ku zauna, kada wanda ya katse ni.

Da can injin nan a zauren gidan nan yake. Ƙaramin injin zarto ne, ba irin mai tsaga gungume ba. Zartonsa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, shi ya sa muke ce masa tsinke. Ana ɗaure shi sama da ƙasa, haƙoransa na kallon ƙasa, sai a murɗa noti a baya har ya miƙe. Da shi kakanku yake fitar da fure da ganye a jikin katako, na kan gado da na ƙyaure. Duk garin nan shi kaɗai ke da irinsa, tsinken ma sai an yi saƙo Kano.

Kullum da safe ina kai masa koko a tasar da uwata ta ba ni. Sai in tsaya bakin zaure in ƙwanƙwasa ta da cokali. Shi kuma ya taɓa tsinken da farce kamar mai kaɗa molo, ya karkata kunne, ya ce, "Ƙara bugawa, Kuluwa." In ƙara. Ya ɗan murɗa noti, ya sake taɓawa, sannan ya karɓi kokonsa. Shekara goma sha huɗu muna haka. Ni duk zatona tsokana ce irin tasa.

Da Allah ya karɓi abinsa na shiga takaba, sai ƙaninsa Ɗanliti ya riƙa kawo mutane suna gwada injin. Ina ɗaki ina ji: inji ya tashi, sai ƙas, tsinke ya karye. Kowace karaya a ƙirjina nake jin ta. Kafin in fita takaba tsinke ya rage uku, gari kuma ya ɗauka inji ya bi mai shi.

Ɗanliti ya same ni ya ce, "Matar yaya, gobe mai gwangwan zai zo da sikelinsa. A auna ƙarfen a raba wa yara."

Na ce, "A auna? Kamar tsohon kwano?"

"To me za a yi da injin da ba ya yanka? Ya ce zai ba da kuɗin kaza biyu."

"Kai in aka ɗora ka a sikelin ko kaza ɗaya ba za ka kai ba."

Bakina ne kawai da ƙarfi. Marayu huɗu gare ni, kuma ban da injin nan babu abin da aka bar musu. Na aika wa Malam Hashimu, babban kafintan layi, ya taimaka ya zo ya gwada kafin a auna.

Da safe ya zo da guntun katakon maɗaci. Mai gwangwan ma ya iso, ya jingine kurarsa a ƙofar gida yana sakace. Malam Hashimu ya ɗaura tsinke, ya murɗe noti tamau, ya tayar da inji. Ko rabin ganye bai yanka ba, ƙas. Ya ɗaura na biyu, wannan karon ya bar shi sako-sako. Tsinken ya riƙa lanƙwasa yana barin zane yana shiga inda ya ga dama, can shi ma ya karye.

Malam Hashimu ya kakkaɓe hannu ya ce, "Baiwar Allah, in an matse ya karye, in an saki ya karye. Marigayi ya tafi da sirrinsa."

Mai gwangwan ya jefar da tsinken sakacensa ya fara kwance sikeli.

Ina tsaye a bakin zaure, daidai inda na saba tsayawa. Da na ga Malam Hashimu ya taɓa noti, sai muryar kakanku ta dawo mini: ƙara bugawa. Na ce, "Kada wanda ya taɓa na ukun." Na shiga na ɗauko tasa da cokali.

Ɗanliti ya yi dariya ya ce, "Sadaka za ki roƙa wa injin?"

Ban kula shi ba. Na ce wa Malam Hashimu ya ɗaura tsinken, ya taɓa shi da farce, ya yi ta murɗawa har kukansa ya zo daidai da na tasa. Na buga. Ya murɗa. Na buga. Ya murɗa. Tsinke ya miƙe har yana rawa, notin ya fara ƙin juyawa, amma kukan bai kamo na tasa ba. Gumi ya keto masa. Ya ce, "In na ƙara rabin juyi zai tsinke a hannuna."

Na sake bugawa, na saurara da kyau. Wannan ƙarar mai tsini ba ita na saba ji ba. Na leƙa cikin tasar, wayam. Shekara goma sha huɗu ban taɓa buga ta babu koko ba.

Na ce, "Sassauta, Malam. Ina zuwa."

Na zubo koko daidai inda tasar ta ɗan lotsa, iyakar da kakanku yake sha. Na buga, ƙarar ta sauko ƙasa. Malam Hashimu ya sassauta noti kaɗan-kaɗan yana taɓawa, har muryoyin biyu suka zama ɗaya. Ya yi bisimilla ya tayar da inji. Ni dai rufe ido na yi ina jiran ƙas. Ba ta zo ba. Da na buɗe, ga ganye ya fito sumul a tafin hannunsa.

Mai gwangwan ya tura kurarsa ya tafi ko sallama babu.

Malam Hashimu ya ce zai sayi injin, ya taya kuɗin tunkiya. Na ce ƙosasshen rago. Muka ja har rana ta take, Ɗanliti na ta yi mini ido in sallama, ina yi kamar ban gan shi ba. Da Malam Hashimu ya yarda da ragon, sai ya miƙo hannu zai ɗauki tasa.

Na ce, "Inji ka saya."

"Ai ba ya aiki sai da ita."

"Na sani."

Ya ce zai ba ni sababbin tasoshi uku. Na ce ya kai wa matarsa. Ya ce zai koya da kunnensa. Na ce Allah ya ba da sa'a, tsinke ɗaya ya rage.

Shi ya sa har yau ake kai wa inji koko, a buga, a murɗa noti, sannan Malam Hashimu ya shanye. Tasa tana zuwa da safe, tana dawowa kafin azahar. Abin da na karɓa a kanta kuwa shi ne: guntayen katakon shagonsa duka na murhuna ne, kuma duk kafintan da ke layin nan, kokona zai saya, muddin ina numfashi.