Tutar Tsallaka Titi

Akwai wata mata mai suna Sawako a wata unguwa a garin Matsumoto. 'Yarta Kotoha, mai shekara tara, ta kai duk safiya sai ciwon ciki da amai, saboda 'yan ajinsu sun haɗa baki sun daina yi mata magana. Sawako ta ce ya isa haka, ta fara koyar da ita a gida.

Sai dai kunyar maƙwabta ta yi mata yawa. Ta hana yarinyar leƙa waje sai an tashi daga makaranta, ko shanyar kaya a ɗaki take yi. Karatu na shiga, amma Kotoha sai ƙara shiru take.

Wata rana suna cin shinkafa da miyar miso, yarinyar ta ce, "Mama, laifi na yi kike ɓoye ni?"

Sawako ta ture kwanon abincinta gefe.

A unguwar, iyaye ke karɓa-karɓa wajen riƙe tuta mai ruwan ɗorawa a bakin titi don tsallakar da 'yan makaranta. Shugabarsu, Maman Rento, mace mai baki kamar reza, ta zo ƙofar gida har da ɗan rusunawa.

"Maman Kotoha, mun cire sunanki daga layi. Kar mu wahalar da ke a kan 'ya'yan wasu, tunda taki... tana hutawa."

"Hutawa? Jiya ta gama lissafin rabawa mai tsawo. Gobe layina ne, ba ni tutar."

"Kai! Mutane fa za su yi magana."

"Ai dama suna yi. Gara su yi ina tsaye."

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ta fito, tuta a hannu ɗaya, Kotoha a ɗayan. Ita ma tsoro take ji ba kaɗan ba. Ta ɗaga tuta, motoci suka tsaya, yara suka wuce da jakunkunansu suna satar kallo. Sawako ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da babbar murya.

Maman Rento ba ta haƙura ba. Ta duƙa gaban yarinyar da murmushin nan nata, ta ce, "Kotoha, 'yar gari! Yaushe za a koma makaranta kamar kowa?"

Sawako ta buɗe baki, amma yarinyar ta riga ta.

"Ina makaranta, Anti. Ƙarfe tara muke shiga. Ga malamata nan, kuma a ajinmu kowa yana min magana."

Maman Rento ta miƙe, sai gyaran jaka take yi.

Darasi: In ka zaɓa wa ɗanka hanyar da ta fi masa, kar ka bi ta kana sunkuyar da kai, don yaro a fuskarka yake gane ko shi abin kunya ne. Ku tura wa duk uwa ko uban da tsoron bakin mutane ya hana shi tsaya wa ɗansa.