Mutumin da Ya Daina Kiran Gayya

Akwai wani mutum mai sayar da taki a birni, wanda ya bar ƙauyensu tun yana saurayi. Yana da aboki na ƙuruciya, Malam Istifanus, tsohon malamin firamare, wanda ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida. Su biyu da wasu 'yan garinsu uku suna yin wani wasa a waya. Ba hoto a wasan, ba kiɗa, rubutu ne zalla. Kowa yana da gona a ciki. Ka rubuta cewa ka shuka dawa, wasan ya amsa maka cewa sai bayan kwana bakwai za ta nuna. Kada ku yi musu dariya, gama na san abin da wasunku ke yi da waya ana tsakiyar wa'azi.

A dokar wasan, mutum ba ya iya girbe gonarsa shi kaɗai, sai ya kira gayya kamar yadda ake yi a gida. Saboda haka kowace yamma sukan haɗu. Wannan ya rubuta ya zo da magirbi, wancan ya rubuta ya ɗaure dami. Ana girbi ana tsokanar juna, ana tambayar lafiyar iyali. Malam Istifanus yakan yini bai ga baƙo ba, don haka tun azahar yake ɗokin wannan lokaci.

Ana nan sai waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka sanar cewa duk wanda ya biya kuɗi na gaske za a ba shi injin girbi, dawarsa kuma ta nuna a kwana ɗaya. Mutumin nan ya ga kuɗin bai kai abin da yake kashewa wajen mai tsire ba, sai ya biya. Kafin mako biyu rumbunansa sun cika, sunansa ya hau saman jerin 'yan wasa. Bai ƙara kiran gayya ba. In wani ya kira, sai ya tura masa injin, aiki ya ƙare kafin a gama gaisuwa. Ɗaya bayan ɗaya mutanen suka daina zuwa. Malam Istifanus yakan shiga ya rubuta gaisuwa, ya jira, ba mai amsawa.

Da mutumin ya lura wuri ya yi tsit, sai ya buga wa abokinsa waya.

"Malam, me ya faru ne? Kowa ya watse."

"Ba sauran aiki, abokina. Me za su zo yi?"

"Ai ban cuci kowa ba. Kuɗina ne, dokar wasan kuma ta yarda."

"Ban ce ka cuci kowa ba."

"To, bari in saya maka injin kai ma, mu zama daidai."

Malam Istifanus ya ce, "In ka saya mini, wa zai ƙara kiran wani? Dawar nan ko tuwo ba ta yi. A da, in gonarka ta nuna, kakan rubuta, 'Malam, zo ka taimake ni.' Tun da ƙafar nan ta kwantar da ni, ba inda ake faɗa mini haka sai a wasan nan."

Mutumin ya yi baƙin ciki ƙwarai, gama shi a ganinsa alheri yake yi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Gonar ita ce zaman tarenmu. Injin kuwa shi ne duk abin da kuɗi ke saya mana don mu wuce sauran mutane. Mutumin bai yi sata ba, bai karya doka ba, ni ma ba zan kira shi mugu ba. Amma adalci bai tsaya ga tambayar ko an yarda ba. Sai ka ƙara tambaya: bayan na biya, me ya rage wa waɗanda muke tare?

Da gangan Allah ya yi mu masu bukatar juna. A ikilisiyar nan akwai masu hali da za su iya ɗaukar leburori su gama ginin majami'a cikin mako guda, muna kuwa gode musu. Amma gwauruwar da ke ɗebo ruwa ranar aiki, ita ma tana so a kira sunanta a ce ana jiran ta. In Ubangiji ya buɗa maka, ka bar wa ɗan'uwanka wurin da zai sa hannu. A makon nan, ka nemi wanda kake ganin ba shi da abin ba ka, ka roƙe shi taimako da gaske.