Jatau Mai Tufka da Wutar Baƙin Rami

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Can bayan sararin sama akwai wani ƙaton garin taurari. A tsakiyarsa akwai baƙin rami mai haɗiye duk abin da ya raɓe shi, sannan ya yi gyatsar wuta ta ko'ina. Gidaje suka yi ta ƙonewa, mutane suka watse. Saura Jatau mai tufka igiya da tsohuwarsa, wadda ta rantse inda aka binne mijinta nan za a binne ta.

Ta ce, "Jatau, tafi abinka."

Ya ce, "Inna, in je ina in bar ki?"

Mutumin nan akwai taurin kai! Sai ya mirgino dutse ya toshe ramin. Rami ya haɗiye, ko godiya babu. Sai ya gina katanga. Wuta ta rushe ta, ta lashe dangarsa.

Yana zaune ransa a ɓace, sai tantabararsa ta sauko.

Ta ce, "Maigida, ka san yadda nake gane hanyar gida? Zaren maganaɗisu nake bi. Ga shi nan kewaye da ramin. Ido ba ya ganinsa, amma wutar tana jin maganarsa."

Ya ce, "Ɗora min a hannu."

Sai ta ɗora. Ya shimfiɗa zaren a miƙe, wuta ta bi ta tsakani ta fice. Ya ƙulla shi, ƙullin ya kwance. Sai wuta ta kama rufin ɗakin Inna.

Sai Jatau ya naɗe wando, ya raba zaren biyu kamar rama, ya ɗora a cinya ya hau murzawa. Fata ta saluɓe, bai tsaya ba. Zaren ya naɗe wutar tam. Ta rasa mafita, ta miƙe siririya, harshe ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ta wuce garin ta yi nisa, can ƙarshe ta baje kamar bakin igiyar da ba a ƙulle ba. Har yau masu sauraron sama da manyan farantan na'ura suna jiyo gurnaninta.

Ya rarrafa ɗakin Inna, rabin rufin ya tsira. Ta ɗebo man shanu tana shafa masa a cinya.

"Ai na ce ka tafi."

"Kin faɗa, Inna."

Sai ta fashe da kuka.

To kun ji, masifar da ta ƙi mutuwa, a nema mata hanyar wucewa.

Ƙurunƙus, igiyata ta ƙare a nan.