Ragar Waya a Bakin Madatsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyen da ke bayan dutsen nan. Ba zan kama sunansa ba, ɗaci yake yi mini a baki. Ya karɓi hayar madatsar ruwan da ke saman ƙauyensu, ya zuba kifi a ciki.

Madatsar ginin ƙasa ce. Waɗanda suka gina ta sun bar mata mafita a gefe, don in ruwa ya yi yawa ya bi ta nan ya faɗa rafi. Sun san dusar ƙanƙarar da Allah ke tarawa kan duwatsu duk hunturu ba zama ta zo yi ba. Narkewa za ta yi, ta gangaro, ta nemi tekun da ta taso daga ciki.

Gogan naku kuwa, abin da ya gani kawai shi ne kifinsa na bin mafitar, mutane na tsinta a banza. Sai ya tare bakinta da ragar waya, ninki biyu.

Tsoho Sabri, wanda ya shekara talatin yana gadin madatsar, ya dogara sanda ya hau ya same shi.

"Kai, cire ragar nan. Ganye da rassa za su toshe ta."

"Baba Sabri, kifina ne ko naka? Je ka sha gahawarka."

"Gidan mahaifiyarka Nevse ne na farko a bakin rafi. Ka manta?"

"Shekararta saba'in a wurin, ko takalminta bai taɓa jiƙewa ba."

Kun ji fa! Wannan ɗa ne?

Sanyi ya ja baya, aka kwana uku ana ruwa kan ƙanƙara. Rassa suka taru, raga ta toshe. Ran Laraba da hantsi gogan ya hau madatsar, ya ga saura taki ɗaya ruwa ya haura. Almakashin yanke waya na hannunsa, wallahi na hannunsa! Ya nufi ragar. Amma ya tuna gobe masu sayen kifi za su zo daga birni. Ya ce a ransa, kwana ɗaya dai. Ya mayar da almakashin aljihu.

Kafin azahar ruwa ya haura, ya cinye ƙasar, madatsa ta tsage. Yana tsaye kan tudu yana ihun "Inna! Inna!" Wa zai ji shi?

Da ruwa ya janye, shi ya fara shiga ɗakinta. Ya same ta cikin laka, kifinsa zube kewaye da ita.

Kada wanda ya ce mini ƙaddara ce kawai. An gaya masa! Duk wanda aka damƙa wa abin da rayukan mutane ke ƙarƙashinsa, ya sa kwaɗayinsa gaba, to ya sani ruwa ba ya tambayar gidan wa zai fara shiga.

Allah ya kiyaye mu da son zuciyarmu, ya jiƙan Nevse.